Ki Ce Ya Faɗa da Hausa

Lamisula, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Dija,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka lafiya, kuma doguwar tafiyar nan ba ta karya miki baya ba. Allah ya tsare ki a masauki kamar yadda ya tsare ki a hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin mai ɗaure fuska da na mai fara'a. Na biyun na fi jiye miki.

Na ba innarki takardar nan ta cusa ƙarƙashin kwalbar turaren wuta, don na san ba za ki kai hannu wurin ba sai kin isa Ibadan kin fara kewar gida. Kada ki nemi labari a ciki. Ba ki ma bar gida ba nake rubuta ta, akuyar nan ba ta haihu ba tukuna. Magana ce ɗaya ta tsaya mini a wuya, kunya ta hana ni faɗa miki ido da ido, shi ya sa na ɗauko biro.

Ranar Talata da la'asar kina tsakar gida kina ninke kaya, kin ɗora waya a kan turmi kin buɗe muryarta. Ni kuma ina bakin zaure ina alwala. Ba laɓe na yi ba, ke kika sa unguwa ta ji. Na ji muryar yaron nan Mustafa, wanda manyansa suka aiko cewa za su zo neman aurenki in kin gama bautar ƙasa. Na ji ya ce, "Ke big hed, kin sake manta caja ko? Idiyot kawai." Ke kuma kika yi dariya.

Da na tambaye ki bayan magariba kika ce, "Haba Baba, wasa ne fa. Haka ake yi yanzu. Kuma ai Babarbare ne, abokin wasanmu." Na ce to. Amma ki sani "to" ɗin nan ba ta yarda ba ce. Ni ban yarda da wasan nan ba, ban yarda da Turancin da aka naɗe shi a ciki ba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali dariyar ce. Gajera ce, ta hanci, kina yi kina kallon ƙasa. Na san wannan dariyar, Dija. Shekara da shekaru ana yi mini ita, ni ne kuma na jawo.

Bari mu fara da zancen abokin wasa, tunda shi kika kawo mini. Shekara talatin ke nan muna katanga ɗaya da Ba Modu. Kullum da safe in na fito sai ya ɗago kai daga shimfiɗarsa ya ce, "Wushe Fulata! Bawana ya tashi? Yau ma ba a ci an ƙoshi ba, dubi wuya." Ni kuma in ce, "Mai zanen fuska, ubangijinka ya fito ba ka miƙe ba?" Mu yi dariya har masu wucewa su taya mu. Wannan shi ne wasan Fulani da Barebari, mun gaje shi. Amma ki lura da yadda ake yin sa. Da harshen da mu duka muke ji yake zagina, a gaban jama'a, kuma yana gama faɗa yake tsayawa ya jira tawa. In ban rama ba ma sai ya aiko a tambaya ko ba ni da lafiya. To shi Mustafa, in wasan kakanni yake yi, me ya kai shi Turanci? Hausa ta ƙare ne, ko Barbarcin ya gudu? Kuma na kasa kunne ranar, ban ji kin rama ba. Da walakin, goro a miya.

Na faɗa wa Ba Modu, ban ambaci suna ba. Ya ce, "Kai Fulata, zargi ya yi maka yawa. Yaran yanzu haka suke nuna so." Wataƙila gaskiyarsa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sai dai ni ba sarar aka yi mini ba, ni ne macijin. Ga yadda aka yi.

Kin san mu biyu ne maza wurin kakanki, ni da ƙanena, Baffanki Buba, Allah ya ji ƙansa. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa ni na yi boko shi bai yi ba. Lokacin muna ruga, ba mu shigo gari ba, aka zo aka ce kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya makaranta. Kakanki bai yi dogon tunani ba. Buba tun yana ɗan shekara shida shanu ke bin muryarsa. Ni kuwa, wata karsana ta taɓa kora ta har na haye bishiyar aduwa, na wuni a sama ina kuka, ƙaya ta yayyage ni, sai da Buba ya zo ya janye ta da hannu ɗaya. Don haka da aka ce a ba da yaro, sai aka ba da wanda ba a asarar komai in ya tafi. Kin ji asalin ilimin ubanki hedimasta.

A makarantar kwana na fara jin kalmomin nan. Akwai wani babban ɗalibi da ya ɗauke ni ɗan ɗakinsa. Shi ke hana a doke ni, shi ke ba ni garin rogo da sukari in yunwa ta kama ni, shi ne kuma ba ya kirana da komai sai "bush boi" da "idiyot". Yakan rataya hannu a wuyana ya faɗa yana murmushi. Ranar da na duba ƙamus na ga ma'anar, raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa cin abinci. Amma da ya sake faɗa sai na yi dariya, don ina son garin rogon, ina kuma son a ce ni ma ɗan gari ne. Kuskurena na farko ke nan: na koya wa kaina cewa in mai ba ka abinci ya zage ka, ƙauna ce. Ki kiyayi wannan a inda kike. Baƙo yakan yi dariyar abin da bai ba shi dariya ba don kawai a karɓe shi. In aka sa miki suna da Yarabanci, ki tambayi mutum biyu waɗanda ba su san juna ba kafin ki fara amsawa.

Da na dawo hutu na zo da tsarabar. A lokacin shanunmu sun ragu, mun shigo Maiduguri, Buba ya fara dillanci a kara, kasuwar shanu. Na same shi cikin turke, kashin shanu har gwiwa, ni kuma da farin wando da takalmi sau ciki. Na rataya hannu a wuyansa kamar yadda ake yi mini, na ce, "Buba, mai idiyot!" Wallahi, Dija, ina son ƙanena a ranar, kuma na yi kewarsa. Amma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, akwai wani abu ƙarƙashin son. Ina so dillalan nan su ji cewa bakina ya iya abin da nasu bai iya ba. Kuma ban manta da aduwar nan ba.

Buba ya washe baki, ya ɗauka sunan girma ne na 'yan boko. Dillalai suka ji, suka ɗauka. Kin san kasuwa da suna. Kafin shekara ta zagayo babu mai ce masa Buba sai Idiyo. Da ya yi aure, Idiyo. Da ya sauke farali, Alhaji Idiyo. Masu saye daga Kudu da suka san Turanci in sun ji sai su kalli juna su ƙunshe dariya, shi kuma ya ɗauka fara'a ce. Ina gani, ina ji, ban ce komai ba. Nakan ce wa kaina ai wasa ne, kuma ai bai sani ba, abin da mutum bai sani ba ba ya yi masa ciwo. Ki yi hattara da duk wasan da daɗinsa ya dogara ga rashin sanin ɗaya.

Innarki ce ta fara nuna mini kaina, amma na ƙi gani. Farkon aurenmu in ta ƙona miya ko ta manta wani abu sai in ce "sili wuman", ina dariya. Ba ta yi boko ba, amma kin san innarki, ba a kai ta rafi a dawo da ita da ƙishi. Ta je ta tambayi wata malamar asibiti da ke haya a layinmu. Washegari ta kawo mini abinci, ta durƙusa da ladabi, ta ajiye, ta yi murmushi mai kyau ta ce, "Ga tuwo, sakaran namiji." Kwana uku ban yi mata magana ba. A na huɗu ta ce, "Af, ashe ba daɗi? Ni na ɗauka wasa ne, tunda da dariya ka ba ni, da dariya na maido." Daga ranar ban ƙara ba. To ki dubi wautata: na daina yi wa wadda ta rama, na ci gaba da yi wa wanda ba ya ramawa. A nan za ki gane cewa ba ƙauna ce ke tuƙa abin ba. Mai irin wannan wasa ya san inda ƙasa ke da laushi, can yake haƙa.

Muna da al'ada ni da Buba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan taso daga Bulabulin ya zo nan, da ƙwaryar kindirmo ko kwalbar man shanu, mu ci burabisko da miyar yakuwa a tire ɗaya. Ba ki da wayo sosai lokacin. Wata Juma'a muna cikin ci sai ya tsame hannunsa. Ya ce, "Hamma," haka yake kirana, "sunan nan da ka sa mini tun muna samari. Ka faɗa mini shi da Hausa mana. In Hausar ta yi maka nauyi, ko da Fillanci ne."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Kalma ɗaya ce, Dija, na san ta sarai. Ina koyar da Turanci shekara ashirin a lokacin. Na buɗe baki in ce "wawa", na dubi furfurar da ta fara fito masa a gemu, na dubi hannun da ya janye mini karsana, sai na ji ba zan iya ba. Abin da na yi shekaru ina jifansa da shi a tsakiyar kasuwa da Turanci, na kasa faɗa da Hausa a cikin zaurena, mu biyu kaɗai.

Sai na yi ƙarya. Na ce, "Ai sunan ƙauna ne. Kamar a ce ɗan lele."

Ya dube ni. Mutumin da ke kallon idon saniya ya gaya maka ciwon da ke cikinta, shi na tsaya yi wa ƙarya. Ya ce, "Ɗan lele."

Na ce, "Ɗan lele."

Ya ce, "To madalla. Na gode, Hamma." Sai ya yi dariya, gajera, ta hanci, yana kallon ƙasa. Ya mayar da hannu ya ƙarasa cin abincinsa, ya wanke, ya yi wa innarki godiya, ya tafi.

Daga baya matarsa ta gaya wa innarki abin da ya faru a makon. 'Yarsa Hauwa, tana aji huɗu, ta kira wata ƙawarta da sunan a makaranta, don a saninta sunan babanta ne, abin alfahari. Malama ta zane ta, ta kuma fassara mata a gaban aji. Yarinya ta dawo gida tana kuka ta ce, "Baba, wai sunanka wawa." Kin san me Buba ya ce mata? Ya ce, "Hamma ba zai yi mini haka ba. Bari Juma'a ta zo in ji daga bakinsa."

Bai yi faɗa da ni ba, ko sau ɗaya. Da ma ya yi. Juma'a ce ta fara tsallake, yau ya ce baƙi, gobe ya ce mota ta iso da shanu, har ta daina zuwa gaba ɗaya. Ragon layya bai fasa zaɓa mini ba, da kansa yake kawowa, amma a ƙofar gida yake miƙa igiya ya juya. Kin sha tambayata kina ƙarama me ya sa Baffa ba ya shigowa, nakan ce yana sauri. Ni kuma girman kai ya hana ni taka ƙafa zuwa Bulabulin. Nakan ce ni ne babba, kuma ai bai ce na yi masa laifi ba. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka, gari ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi sunan kansa muni. In kika cuci mutum kika ga ya yi shiru, kada ki ɗauka kin tsira, ki bi shi tun ƙafarki na iya zuwa.

Sai da ciwo ya kwantar da shi a asibiti na je na zauna gefen gadonsa, wata ranar da hantsi, masu dubiya sun ragu. Ya rame har ban so kallon wuyansa ba. Na ce, "Buba, sunan nan. Wawa yake nufi. Dolo. Ƙarya na yi maka."

Ya ce, "Na sani, Hamma. Tun kafin ka rufe baki na sani."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, kafin ya kai bakin titi. Sannan ya ce, "Ba sunan ne ya ci ni ba. Da ka ce mini wawa a ranar, da na ba ka amsa mun yi dariya mun cinye abincinmu. Na zo da amsata a baki. Amma ka ce ɗan lele, ka mayar da ni yaron da ake rufa wa ido. To wa zan rama wa?"

Na ce, "Wace amsa ce?"

Ya ɗan ɗago kai daga matashi, idonsa ya yi haske, ya ce, "Tsakanin wanda ya janye karsana da wanda ya wuni a kan aduwa yana kiran inna, wane ne wawan?"

Dija, muka yi dariya. Ta gaske, irin ta ruga, har tari ya sarƙe shi, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta harare ni. Ina dariya hawaye na zuba. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da maganar nan, bai sami inda zai ajiye ta ba. Ni na hana shi, na kuma hana kaina Juma'o'in da ba za su dawo ba. Kwana tara bayan haka ya rasu.

A wurin zaman makoki wani tsohon dillali ya kama hannuna da hannu biyu yana kuka, ya ce, "Allah ya ji ƙan Alhaji Idiyo, ba mu da kamarsa a kara." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce amin. Me zan ce? Ni na sa sunan, ga shi ya raka ƙanena har kabari, ba ni da ikon cire shi.

To kin ji dalilin da ya sa na kasa ƙarasa alwala ranar Talata. Dariyar Buba na ji a bakin 'yata.

Ban ce Mustafa mugu ba ne. Yana gaishe ni da ladabi, har ƙasa, ko da yake ni yawan ladabi ma yakan sa in ƙara buɗe ido. Ni ma ba mugu ba ne a lokacin, ina son ƙanena. Abin da nake zargi shi ne Turancin. Yana ɗauke wa kalma nauyi a bakin mai faɗa, amma ba ya ɗauke wa mai ji. Yaron da ba zai taɓa iya ce miki "ƙaton kai, wawiya" ba, ga shi yana faɗa sau goma a wuni, yana jin shi ɗan zamani ne. Kuma shekara guda za ki yi ba abin da ke tsakaninku sai waya. Abin da kunne ya saba ji a waya, shi za a ci gaba da faɗa a ɗaki, wata rana a gaban 'ya'yanki, su ma su ɗauka.

Ban ba manyansa amsa ba, kuma ba zan bayar ba sai na ji daga gare ki. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da ya sake faɗa, kada ki yi fushi, kada kuma ki yi dariyar nan. Ki ce masa cikin sanyin murya, "Faɗa mini da Hausa." Sai ki yi shiru ki saurara.

In ya faɗa, kunya ta kama shi ya ce ba zai ƙara ba, to yaron kirki ne, ya fi ubanki. In ya faɗa yana dariya, ki rama da wadda ta fi ta zafi, ke jikar Fulani ce, ba sai na koya miki abin da ake ce wa Babarbare ba. In ya ƙyalƙyale har cikinsa, ke ma kika ji taki ta fito daga ciki, to wasa ne na gaske, ku yi abinku, ni da kaina zan kira shi bawana in ba shi ke. In kuwa ya kumbura kamar yadda na yi wa innarki, ki san wasan na mutum ɗaya ne. Amma in ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba, ai sunan ƙauna ne," ya ƙi fassarawa, to Dija, ki kira ni a ranar. Na san mai wannan amsar, na san kuma shekara nawa take ci.

Ke ma ki kula da naki bakin. Kin fi innarki boko, kin fi 'ya'yan Baffanki. Duk kalmar da ba za ki iya faɗa wa mutum da harshen da yake ji ba, ki haɗiye ta.

Innarki na gaishe ki, ta ce man shanun na cikin baƙar leda, kada ki bar shi a rana. Ba Modu ya ce a gaida baiwarsa, na ce zan faɗa wa uwar ɗakinsa. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na baki, ya sa ki gama lafiya. In kin yi salla ki sa Baffanki Buba a addu'a, da sunansa na gaskiya.

Dariyarki ta ainihi na san ta, irin ta innarki ce, har gidan Ba Modu ake jin ta. Ita nake so ki dawo mini da ita.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.